Ba A Zartar Da Hukuncin Kisa Ana Cikin Ɗaukaka Ƙara

Sanin kowa ne cewa hukuncin kisa ba ya gyaruwa idan an zartar, saboda haka Tsarin Mulkin Nijeriya ya ba wanda aka yanke wa shi damar ɗaukaka ƙara. Shari'ar Nasiru Bello ita ce ta nuna nauyin wannan dama.

A 1980 Babbar Kotun Jihar Oyo ta same shi da laifin fashi da makami, ta yanke masa hukuncin kisa. Ya ɗaukaka ƙara, amma a 1981, tun ba a saurare shi ba, hukuma ta kashe shi. Iyalinsa suka nemi diyya, sai Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka kori ƙarar, wai dokar da suka dogara da ita ba ta ba su hanya ba.

A 1986 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci. Ta ce kisan ya saɓa wa sashe na 30 na Tsarin Mulkin 1979, wanda ya kare ran ɗan Adam, kuma duk inda aka tauye hakki lalle ne kotu ta samo magani, ko da an yi kuskure wajen tsara ƙara. Ta ba da umurni a biya iyalin diyya.

Wannan kariya tana nan a sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999. To, wajibi ne kowane gwamna ya tabbatar babu sauran ƙara a kotu kafin ya sa hannu a takardar kisa, domin diyya ba ta maido da rai.