Zauren Asusu: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ƴan uwa mata, shugabannin ƙungiyoyi da masu riƙon akwati da masu riƙon makulli, na Madarumfa da Safo da Gabi da Ɗan Isa da Jiratawa da Sarkin Yamma. Allah ya sa abin da muka kai rumbu ya kai mu damina.

A fitowar da ta wuce mun yi zancen bashin da ke daɗewa bai komo akwati ba. Yau zancen yaranmu na kwalej za mu yi, musamman ƴan turwaziyam, aji na huɗu kuma na ƙarshe, waɗanda za su zauna jarrabawar brebe, wadda malamai ke kira BEPC. Mun san wata za ta ce: "To mu da ba mu yi lakwal ba, mi namu ciki? Ai aikin mushe ne." Ki yi haƙuri, yaya, ki ji abin da ya faru a ƙungiyarmu bara.

Ɗiyar wata abokiyar zubinmu ta yi shekara huɗu tana taka sawu zuwa kwalej, ba ta taɓa maimaita aji ba. Da lokacin haɗa dosiye ya zo, aka ce a kawo takardar haihuwa. Aka zazzage adaka, aka duba cikin kwalla, babu. Ashe tun da aka haife ta a gida ba a kai sunanta mairi ba, kuma shekarun nan duka ana ta cewa gobe, jibi. Kafin a samu shaidu, a samu kuɗin mota, a je kotu a yi mata takardar hukunci, an rufe karɓar dosiye. Ranar jarrabawa tsararrakinta suka wuce da bik da takardar kira a hannu, ita tana bakin turmi. Kafin kaka an ɗaura mata aure. Mu ashirin da biyar ne a ƙungiyar, akwatinmu da kuɗi a ciki, amma ba wadda ta ji labari sai da aka makara. Laifinmu ne mu duka, don ba mu taɓa tambayar juna ba.

Shi ya sa muke cewa takardu su ne farko. Wannan satin, kowace uwa mai yaro a turwaziyam ta ɗauko takardar haihuwarsa, ta ba wanda ya iya karatu ya gwada ta da abin da ke rubuce a lakwal. Sunan yaro, sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa, su zama iri ɗaya harafi da harafi. In takarda ta ce Nana Aisha, rajistar lakwal ta ce Aishatu, a gyara tun yanzu, don sunan da aka rubuta a dosiye shi zai hau takardar shaida, shi zai bi yaro har lise, har neman aiki. Sannan a je wajen direktan a tambaye shi abu uku: yaushe za a rufe karɓar dosiye, nawa ne kuɗin rajista, hoto nawa ake so. In kin biya, ki karɓi rasit ki aje wajen da kike aje littafin zubi. Masu yara a siziyam da sankiyam da katiriyam, kada ku ce da sauran lokaci. Takardar da za a nema nan da shekara biyu, yau ta fi sauƙin samu.

Na biyu, mu san yadda shekarar lakwal take tafiya. Ana shiga a watan Oktoba, shekarar kuma zango biyu ce. Cikin kowane zango ana ba yara ƙananan gwaje-gwaje da dubuwar, a ƙarshensa a yi babbar kwampozisiyon, a haɗa maki a fitar da mwayen a kan 20. Wanda ya samu 10 ya haye. Wanda ya gaza yana iya maimaita aji, in ya yi ƙasa ƙwarai ana iya sallamarsa. Ba sai kin iya Faransanci za ki gane wannan ba. Mu da muke lissafin zubi da riba da tara a ka, 8 da 12 ba za su gagare mu ba. Idan biltan na zangon farko ya fito, ki sa yaro ya karanta maki layi-layi: lissafi nawa, Faransanci nawa, Ingilishi nawa. Inda kika ji ƙasa da 10, nan gyara yake, kuma akwai zango guda cur na gyarawa. Ki ɗauki mayafi ki je ki ga mushen darasin da kanki. Malamai da yawa sun faɗa mana yaron da uwarsa ke leƙowa lakwal ba ya sakaci kamar wanda ba a taɓa ganin kowa nasa ba.

Na uku shi ne mai wuyar faɗi, don mu ya shafa. Wa ke ɗibar ruwa da asuba? Wa ke daka, wa ke goyon ƙane, wa ke ɗaukar tiren ƙosai ko kwaɗon zogale zuwa tasha? Ɗiya mace. Da yawanmu da tallarta muke cika zubin sati. Ba mu ce a bar sana'a ba, mun san da ita ake cefane. Amma daga yanzu zuwa jarrabawa, mu sauke ma ƴar turwaziyam tallar dare, mu ba ta daga magariba zuwa bayan isha ta zauna da kayenta. A raba aikin gida har da yara maza, jarka ba ta san namiji ko mace ba. Gidan da babu wuta, a nemi fitila mai cajin rana, yara uku ko huɗu na unguwa su taru a tsakar gidan ɗayanmu inda ido ke kansu, su yi bita tare.

Mu tuna kuma da lokacin da jarrabawar ke faɗowa. Wajen watan Yuni zuwa Yuli ake yin ta, bayan yara sun sha zafin bazara, rumbu ya yi ƙasa, ruwan shuka ya sauka, maigida na neman kowane hannu a gona. A nan ne ake cire yaro sati biyu a ce ya taya shuka, alhali satin bita ne. Zancen nan tun yanzu za a yi shi da maigida, cikin ladabi, lokacin da ransa ke sanyi: "Malam, in ruwa ya sauka, a bar mana yarinyar nan ta gama, ni zan nemi wanda zai tsaya a madadinta." Haka nan masu zuwa neman aure. Tun watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace da ke cikin karatu. In an matsa maki, ba ke kaɗai ba ce: akwai ƙungiyar iyaye mata ta lakwal, akwai kwamitin COGES, akwai mu.

Ga shawarar da muke so kowace ƙungiya ta tattauna a zaman satin nan. A buɗe ƙaramar jaka ta jarrabawa, dabam da zubi, dabam da kuɗin taimako. Mata 25, kowa dala ashirin a sati, sati 20, jika 50 ke nan. Za ta biya hoto da rajista ga wadda ta gaza, da kayan wasanni, tunda ana gwajin guje-guje kafin a zauna rubutu, da kuɗin mota da abinci ga yaran ƙauye da za a tura cibiyar jarrabawa nesa da gida. Ƙungiya ta yanke ko kyauta ce ko rance marar riba, a rubuta a littafi kowa ya shaida. Mu da ke cikin gari kuma, kowace ta faɗi ko ɗakinta zai ɗauki ɗiyar wata ta kwana uku ko huɗu, don kada yarinya ta sauka gidan da ba a sani ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A nan jihar Maradi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, da akwatin ƙarfe da ƴan daloli, yau ga shi ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Akwatin da ya saya mana awaki ya ja mana jari, zai iya kai yaro ɗakin jarrabawa.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe. Duk shekara sai an samu mai cewa yana da tambayoyin jarrabawa a salula, ko ya san wanda zai ƙara maki, a kawo kuɗi. Kada mu ba shi ko dala. Yaron da aka kama da salula ko takardar satar amsa korarsa za a yi, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza. Abin da ke hannunmu shi ne ya yi barci da wuri, ya sha koko ko fura kafin ya fita, takardar kira da katin lakwal da bik biyu suna aljihu tun dare, mu bi shi da addu'a. In sakamako ya fito bai samu ba, kada a yi masa gori a tsakar gida. Da yawa sun samu a karo na biyu.

A zaman satin nan, bayan an ƙirga zubi kafin a rufe akwati, shugaba ta tambaya: wa ke da yaro a turwaziyam, kuma takardarsa na hannu? Sakatariya ta rubuta sunaye. Ku aiko mana da abin da kuka yanke, za mu kawo shi a fitowa ta gaba.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa mu ci amfaninsu. Sai wani watan, in Allah ya kai mu.