Garin BCAA ba zai yi maka gudun ba

Ɗan uwa, idan kana bibiyar shafukan masu motsa jiki a TikTok ko Instagram, ka sha ganin tallar nan: gwangwani mai sheƙi, an rubuta BCAA, ana kaɗa garin a gora ana cewa duk mai gudun fanfalaki sai da shi. Kafin ka tura kuɗinka, tsaya ka ji abin da ke ciki.

Furotin ɗin da kake ci a wake, ƙwai ko nama, jiki na farfasa shi ya koma ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Guda 20 ne, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya haɗawa, dole sai daga abinci. BCAA guda uku ne kawai cikin taran nan. Tsoka kuwa ba ta gyaruwa da uku, sai duka taran sun hallara. Ka ga kenan kofin nono ko ƙwai biyu sun fi garin cika.

Sannan man da ke tafiyar da doguwar tsere ai ba furotin ba ne. Sitaci ne da jiki ya tara a tsoka da hanta, sai kuma kitse. Tun shekarun 1980 masana suka yi hasashen BCAA zai rage gajiyar da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, amma da aka yi ta gwadawa, mafi yawan binciken bai nuna 'yan tsere sun ƙara sauri ba. Wasu dai sun ga ɗan sauƙin ciwon jiki bayan atisaye, iyakarsa kenan. A 2018, masanan da kwamitin Olamfik na duniya ya tara sun lissafa 'yan abubuwan da ke da hujjar taimakawa, irin su kafin ɗin da ke cikin gahawa. BCAA ba ya cikin jerin.

Dubi Kenya mana. Eliud Kipchoge, wanda ya yi kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a 2019, a Kaptagat yake atisaye. Abincin sansanonin can shi ne ugali, wato tuwon masara, da wake, da ganye, da shayi mai madara. Wani bincike na 2004 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da 'yan tseren Kenya ke samu daga abinci mai sitaci da sukari yake fitowa.

Akwai haɗari ma fa. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya auna irin waɗannan kayan ƙarin ƙarfi guda 634, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da sinadaran ƙara ƙarfi da ba a rubuta a jikinsu ba. Dokar WADA, hukumar da ke yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ba ta jin "ban sani ba". Abin da aka samu a fitsarinka, kai ne da alhaki. Wanda ke burin wakiltar jiha ko ƙasa, gwangwani ɗaya na iya jawo masa dakatarwa ta shekaru.

To me za ka yi? Ɗan tsere na buƙatar furotin gram 1.2 zuwa 2 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 kenan gram 72 zuwa 120, kuma ƙwai ɗaya na da kusan gram 6. Shinkafa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, fura da nono bayan ka dawo daga gudu, duk za su kai ka can. Kuɗin garin ka sayi takalmin gudu mai kyau, ka riƙa shan ruwa, ka ajiye waya da wuri ka yi barci. Ke ma 'yar uwa, lissafin ɗaya ne. Wanda kuma ke da ciwon ƙoda ko hanta, kada ya kuskura ya sha sai likita ya yarje masa.