Ɗaurin Talala: Wanda Ya Makara Ya Tsere Ne?

A ƙasar Amurka akwai wani irin ɗauri mai kama da talala, wato a saki fursuna da safe ya tafi wurin aikinsa a cikin gari, da yamma ya komo kurkuku ya kwana. Jihar Wiskonsin ce ta fara kafa dokar wannan tsari a shekarar 1913, sa'an nan gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1965. Hikimar abin ita ce mutum ya riƙe sana'arsa, ya ciyar da iyalinsa, ya kuma saba da zama cikin jama'a kafin ranar sallamarsa. To, amma idan magariba ta yi bai komo ba, da wane suna shari'a za ta kira shi?

Dokar tarayyar Amurka ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce fursunan da ya wuce iyakar da aka shata masa da gangan, ko ya ƙi komowa a lokacin da aka ɗibar masa, to ya tsere, kuma ana iya ƙara masa ɗaurin da ya kai shekara 5. Ke nan laifinsa ɗaya da na wanda ya fasa bango ya dira cikin dare.

Masu goyon bayan wannan hukunci suna da hujja mai ƙarfi. Suka ce ai bangon fursunan talala shi ne alkawarinsa, alkawari kuwa kaya ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In har aka bar saɓa alkawari ya zama abin wasa, jama'a za su juya wa tsarin baya, hukuma ta rufe ƙofar, waɗanda suke komowa a kan lokaci su yi asara. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba mai cewa a ƙyale mai saɓa alkawari ya tafi salin-alin.

Sai dai kuma adalci yana bukatar a auna hukunci da gwargwadon ɓarna. Mai fasa kurkuku yana jefa ran gandiroba da na sauran fursunoni cikin haɗari. Shi kuwa wanda ya tashi aiki ya ratse gida don ya duba mahaifiyarsa marar lafiya har gari ya waye, bai karya ƙofa ba, bai ɗaga wa kowa hannu ba. Kotun Ƙolin Amurka ta taɓo wannan bambanci a 2009, a shari'ar wani mutumin Jihar Ilinoyis mai suna Chambers, wanda aka yanke wa zaman kurkuku na ƙarshen mako sau 11, ya ƙi zuwa sau 4. Kotun ta yanke cewa rashin kai kai kurkuku ba ya cikin laifuffukan ta'adi da ƙarfi. Ta dogara ga binciken hukumar tsara hukunce-hukunce ta ƙasar a kan shari'o'in 2006 da 2007: daga cikin mutum 160 da suka ƙi zuwa ko suka ƙi komowa, ba ko ɗaya da ya yi amfani da ƙarfi, ko da a lokacin kama shi, ko da yake an sami 5 ɗauke da makami.

Bugu da ƙari, tsananin hukunci yana iya haifar da abin da ake gudu. Fursunan da ya makara da sa'a 3, in ya tabbata cewa sunansa ya riga ya zama na matseri, mene ne zai ja shi ya komo? Sai ya ga gara ya nausa gaba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Su kansu ƙa'idojin yanke hukunci na tarayya sun gane haka, domin sun tanadi sassauci mai yawa ga wanda ya bar wurin tsaro marar shinge, ya komo don kansa cikin sa'a 96. A ƙasar Jamus ma tserewar kanta ba laifi ba ce a doka, sai dai a hukunta mutum a kan abin da ya fasa ko wanda ya raunata.

Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a yi wa laifin hawa-hawa. Wanda ya makara ya komo da ƙafarsa, a janye masa damar fita na wani lokaci. Wanda ya ɓuya sai da aka nemo shi, a gurfanar da shi da laifin saɓa sharaɗi. Sunan tserewa da cikakken hukuncinsa a bar wa mai fasa bango. Nijeriya, wadda dokarta ta 2019 ta buɗe ƙofar hukunci a wajen gidan yari, tana da darasi a nan tun kafin talalar ta yi tsawo.