A fara koyar da iyaka da zane a allo

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan kowane yunit. Malamin lissafi a GRA ta Katsina, inda KEDCO ke raba wuta, ya zana farashin nan a allo, ɗalibai su ga layin ya tsinke a ranar. Daga hagu ana dosar wani adadi, daga dama wani daban, saboda haka babu iyaka guda a wurin, wato adadi ɗaya da layin ke dosa. Da irin wannan ya kamata a fara darasin kalkulas. Masu cewa zane yana yaudarar ido suna da hujja, dole lissafi ya biyo baya ya tabbatar. Amma ɗalibin da bai taɓa ganin tsinkewar ba zai cusa lamba cikin ƙa'ida kawai, ya fito da amsa guda inda ɓangarorin biyu suka saɓa.