Tallafin Korona: Manomin Tambuwal da Kebbe Ya Gani ko Labari Ya Ji?

A ƙarshen watan Afrilun 2020 gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi saboda cutar korona, ba a kuma saki hanya ba sai ranar 1 ga Yuli. Wannan ne daidai lokacin da manomin Tambuwal ko na Kebbe a jihar Sakkwato ke kai akuya ko ragowar hatsi kasuwa don ya sayi taki da iri kafin damina ta kankama.

Alƙawari kam an sha shi. Tun a watan Maris Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 domin bai wa magidanta da masu ƙananan sana'o'i rance ta hannun bankin NIRSAL, da ruwan kashi 5 cikin ɗari. A watan Yuni aka amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya tsara, noma na cikin manyan ginshiƙansa. A watan Disamba kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES, aka ɗora ɓangaren manoma a kan ofisoshin Fadama na jihohi.

Matsalar tana bakin ƙofa. A lokacin, mai neman rancen NIRSAL sai ya cike takarda ta intanet, yana da asusun banki da lambar BVN. Wane ne ke da waɗannan a ƙauyukan Kuchi ko Jabo? Ma'aikacin ƙaramar hukuma, da malamin makaranta, da ɗan kasuwar da ke riƙe da babbar waya. Ba laifi ba ne su nema, su ma annobar ta taɓa su. Amma tsarin da aka ce an yi shi don mai rauni, sai ga shi ya fi sauƙi ga mai ƙarfi. Wanda hannunsa ke kan fartanya tun asuba, da matar da ke kiwon tumaki a cikin gida, sai sun nemi wani ya tsaya musu, kuma mai tsayawa ba kasafai yake yi don Allah ba.

Waɗanda suka samu ma akwai magana a kansu. Da yawa sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, alhali tun daga watan Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire kuɗin wanda ya ƙi biya daga asusunsa na kowane banki. Bashi sunansa bashi, ko na gwamnati ne, kuma wanda ya cinye shi ya toshe wa maƙwabcinsa hanya.

NG-CARES ya ɗan fi tsari, domin jiha ce ke fara kashe kuɗinta, sai masu tantancewa sun tabbatar an yi aikin sannan a mayar mata. To amma wannan tantancewar ta ofis ce. Mutanen da aka karɓo kuɗin da sunansu, a mahaifar Aminu Waziri Tambuwal wanda yake gwamnan jihar a lokacin, su ma suna da haƙƙin gani da idonsu. Ofishin Fadama na jihar Sakkwato na iya liƙa sunayen waɗanda suka amfana, da abin da kowa ya karɓa, a ƙofar fadar hakimi da masallacin Juma'a na Dogon Daji, Sanyinna da Kebbe, a karanta da Hausa bayan an idar da salla.