Takunkumin Nijar: Wa Ya Ji A Jikinsa?

Ran 26 ga Yuli, 2023, soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, Nijeriya kuma ta yanke mata wutar lantarki.

Mai sauraron rediyo a Agege ko Sabon Ibadan yana iya zaton wannan zancen manya ne. Ina! Motocin da suka yi cirko-cirko a iyakar Illela da ta Jibiya, albasar da ta ruɓe cikinsu ta talaka ce, shanun da aka tsare kuwa kasuwannin Kudu suka nufa. Janar Tchiani bai kwana da yunwa ba.

Juyin mulki abin ƙi ne, babu ja. To, amma me takunkumin ya haifar? Cikin Fabrairun 2024 aka janye shi, Bazoum bai koma mulki ba. Cikin Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar da aka kafa a Ikko a 1975. Falken da ya ci bashi ya yi lodi kuwa, ba a ajiye masa kujera a taron Abuja ba.