Baƙo madubi ne, ba alƙali ba

Ran nan, a wani zama na ƙungiyarmu ta raya al'adu, wani abokin aikina ya ciro salula ya nuna mana bidiyon wasu samarin Turawa masu yawo a ƙasar Filifin. Suna cin shinkafa da hannu, suna gwada harshen mutanen, su kuwa ƴan ƙasa sai tafi da murna. Ya ce: "Abin da Nijar ke buƙata ke nan. A samo mana baƙin da za su yabe mu, sai yaranmu su so ƙasarsu." Aka yi ta cewa madalla. Ni ban ce ba, kuma ga dalilina.

Tun da Filifin aka kawo mana misali, mu tsaya a kanta. Ƙasa ce mai tsibirai fiye da 7,000 da harsuna fiye da 100. Sifaniya ta mulke ta daga 1565 zuwa 1898, Amurka ta karɓa har 1946, sunan ƙasar ma na sarkin Sifaniya ne, Filif na biyu. Al'ummar da ta daɗe haka ana gaya mata cewa nata bai kai ba, ba mamaki ta riƙa jin ƙishin yabon baƙo. Ban musa cewa a cikin baƙin akwai masu son gaskiya ba: Kyle Jennermann, ɗan Kanada, ya yi shekaru yana zagaya ƙauyukansu har aka ba shi zama ɗan ƙasa a 2023. Amma su kansu mutanen Filifin sun gano cewa da yawa daga masu kyamara fatauci suke yi da wannan ƙishi, har suka laƙaba wa sana'ar suna da ke nufin ɗana wa ɗan Filifin tarko. A yaba maka miyarka, ka kalla, a kirga kallonka a karɓi kuɗi. Wannan ne maganin da za mu sayo wa ɗalibanmu?

Dubi gonakin shinkafa na mutanen Ifugao, waɗanda aka sassaƙa hawa hawa a jikin duwatsu. UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 1995. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto, amma a 2001 sai ga su cikin jerin wuraren da ke fuskantar haɗari, domin samari suna barin noma, katangu suna zubewa. Sai a 2012 aka fitar da su daga jerin, bayan an koma ga gyaran katangu da magudanan ruwa. Hoto bai taɓa ɗora dutse kan dutse ba.

Idan darasi muke nema daga Filifin, to yana wurin José Rizal, likita kuma marubuci, wanda Sifaniyawa suka harbe a Manila ranar 30 ga Disamba 1896. A 1888, yana Landan, ya sami littafin Antonio de Morga, wani alƙalin Sifaniya da ya yi aiki a Manila ya kuma buga labarin tsibiran a 1609. Rizal ya zauna a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya ya kwafe shi da hannu, ya sake buga shi a Paris a 1890, amma da sharhinsa a ƙasan shafuka. Inda Morga ya shaida cewa kakanninsu suna da rubutu, suna ƙera jiragen ruwa, suna fatauci da Sin, Rizal ya kafa hujja da shi a kan masu cewa Turawa ne suka kawo musu wayewa. Inda kuwa Morga ya ce mutanen sun fi son kifin da ya fara ruɓa, Rizal ya gyara masa: wannan bagoong ne, kifin da ake adanawa da gishiri, kuma kowace al'umma tana ƙyamar abincin da ba ta saba da shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin baƙo ya toshe hanci a gaban daddawar batso ya san wannan magana.

Ga yadda mai hankali yake amfani da idon baƙo. Baƙo yana ganin abin da sabo ya rufe mana, wannan gaskiya ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A karɓi shaidarsa, a auna, a gyara. Hukunci na masu gida ne.

Mu ma muna da namu Morga. Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850, ya ratsa Tasawa da Damagaram, ya rubuta abin da ya gani. Malamai nawa ne a cikinmu suke kawo sunansa don rufe gardama, kamar an kawo aya? Nawa ne kuma suka san Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi shi Ingila a 1855, ya ba da labarin Turawa da Hausa, yadda nasa idon ya gan su? Ni kaina na ga ɗalibaina suna dariyar tatsuniya, sai da na ce Turawa sun tattara irinta a littattafai suka nutsu. Ranar na yi nasara a aji, amma na koma gida da kunya, domin na koya musu cewa maganar kakarsu sai da hatimin wani take da daraja.

A 2025 an ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Doka ba za ta cire wannan ciwo daga zukata ba, aikinmu ne a aji. Shawarata ga malamai ƴan uwana da ƙungiyoyinmu ita ce: a ba kowane ɗalibi shafi guda na abin da wani baƙo ya rubuta game da garinsu, a bar masa fili mai faɗi a gefe, a tura shi wurin tsofaffin unguwa ya tambayo. Ya dawo ya rubuta da Hausa inda baƙon ya dace, da inda ya yi kure, da abin da bai gani ba sam.